Ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya Ba Hukuncin Alƙali Ba Ne

Akwai wani saƙo da na gaji da gani. Tun watan Satumban 2024 yake zagaye a WhatsApp da Facebook, ya ɓace ya sake ɓullowa da sabuwar riga: wai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Isra'ila wa'adin wata 12 ta tattara nata-ya-nata ta fice daga ƙasar Falasɗinawa, in kuwa ta ƙi, sojojin duniya za su far mata. Akwai ƙaninsa ma, mai cewa Kotun Duniya ta yanke wa firaministan Isra'ila Netanyahu hukunci, kamu kawai ya rage. Aka yi ta kabbara a teburin mai shayi. Wata 12 ya cika, ba a ga soja ko ɗaya ba. Sai masu turawar nan dai suka juya baki: ai dama duk bogi ne, Majalisar ba ta taɓa cewa uffan a kan Falasɗinu ba. Da murnar farko da zagin ƙarshe uwarsu ɗaya, rashin sanin yadda abin yake tafiya. Abin takaici kuma, cikin masu turawar har da masu digiri da masu hawa mumbari.

Murya huɗu ake cakuɗawa. Akwai Babban Zaure, mai ƙasa 193, kowace da ƙuri'a ɗaya. Akwai Kwamitin Sulhu, mai ƙasa 15, biyar daga ciki na dindindin ne: Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Akwai Kotun Duniya, mai shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa. Sai Kotun Hukunta Manyan Laifuka, mai tuhumar mutane ɗaiɗaiku, wadda ba ma reshen Majalisar ba ce. Kotunan biyu duk suna birnin Hague na ƙasar Holan, shi ya sa ake rikita su.

To, maganar wa'adin nan ba ƙarya ba ce tsagwaronta, kuma wannan shi ya sa ta yi tasiri. Ranar 18 ga Satumba, 2024, Babban Zaure ya kaɗa ƙuri'a yana neman Isra'ila ta kawo ƙarshen mamayar da take yi cikin wata 12. Ƙasa 124 suka goyi baya, 14 suka ƙi, 43 suka ƙaurace. Inda aka yi wa labarin ƙari shi ne batun sojoji. Babban Zaure ba shi da soja, ba shi da kurkuku, kuma a tsarin Majalisar abin da ya faɗa a kan irin wannan rikici shawara ce mai nauyi, ba umarni ba. Kamar taron dattawan unguwa ne a kan rigimar gona: za su iya haɗuwa baki ɗaya su ce wane ne ya ci iyaka, maganar tasu ta zama abin kafa hujja har jikoki, amma ba su da dogarin da zai je ya tuge shingen.

Haka abin yake tun ranar farko. A 29 ga Nuwamba, 1947, wannan zauren ne ya zartar da ƙuduri mai lamba 181, wanda ya ce a raba Falasɗinu gida biyu, ƙasar Yahudawa da ƙasar Larabawa, birnin Ƙudus kuma ya zama a hannun duniya. Ƙasa 33 suka yarda, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Larabawa suka yi watsi da shi domin an ba marasa rinjaye fiye da rabin ƙasar. Ba wanda ya tura rundunar da za ta shata iyakar, sai bindiga ta shata ta. Kafin yaƙin 1948 ya lafa, Falasɗinawa wajen 700,000 sun bar gidajensu, wasu da gudu, wasu da kora. A Disambar wannan shekara zauren ya sake zama ya fitar da ƙuduri na 194, ya ce 'yan gudun hijirar da ke son komawa gida su zauna lafiya a bar su su koma. Yau jikokin jikokinsu ne a sansanonin Labanan da Jodan da Siriya. Wanda ya san wannan ba zai yi rawa don wani sabon wa'adi ba.

Wani zai ce to Kwamitin Sulhu fa, ai shi maganarsa doka ce. Gaskiya ne, ƙasashe sun sa hannu cewa za su bi hukuncinsa. Amma akwai ƙofa biyu da magana take maƙalewa. Ta farko kowa ya san ta, hawa kujerar na-ƙi. Ko da ƙasa 14 sun ɗaga hannu, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta ce a'a, shi ke nan an binne. Tun 1972 Amurka ta hau wannan kujera fiye da sau 40 domin kare Isra'ila. A Afrilun 2024 ma ita kaɗai ta tare shigar Falasɗinu Majalisar a matsayin cikakkiyar mamba.

Ƙofa ta biyu ita ce mutanenmu ba su cika sani ba, kuma a ganina ta fi ta farko muhimmanci. Ƙuduri yana iya tsallake kujerar na-ƙi ya fito lafiya, amma ya fito ba haƙori. A duba mai lamba 242, wanda har gobe shi ne ginshiƙin duk wata tattaunawa. Bayan yaƙin kwana shida na Yunin 1967, inda Isra'ila ta ƙwace Sinai da Zirin Gaza daga Masar, Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus daga Jodan, Tuddan Golan daga Siriya, Kwamitin ya zauna ranar 22 ga Nuwamba ya amince baki ɗaya cewa ba a mallakar ƙasa da yaƙi, Isra'ila ta janye, maƙwabtanta kuma su yarda da zamanta cikin amintacciyar iyaka. Nijeriya tana cikin Kwamitin a lokacin, ita da Mali da Habasha, duk da tana tsakiyar yaƙin basasa, kuma ta ɗaga hannu. Wanda ya tsara daftarin, jakadan Birtaniya Lord Caradon, tsohon ɗan mulkin mallaka ne da ya taɓa riƙe muƙamin Babban Sakataren gwamnati a Legas lokacin ana kiransa Hugh Foot. Gwani ne na rubuta maganar da kowa zai sa hannu a kai. Bai sa rana ba, bai ce wa zai fara ba, bai faɗi abin da zai faru da wanda ya ƙi ba, ya kuma bar kafar da Isra'ila take cewa ba dukkan yankunan aka ce ta bari ba, Larabawa suna cewa dukkansu ne. Da ya toshe waɗannan kafofi, da ƙudurin bai wuce ba. Wannan shi ne cinikin diflomasiyya: sau da yawa kuɗin samun sa hannun kowa shi ne cire haƙoran takardar.

Misalan sun fi a ƙirga. A 1978 ƙuduri na 425 ya ce Isra'ila ta janye daga kudancin Labanan nan take, aka kafa rundunar kiyaye zaman lafiya wadda kwamandanta na farko ɗan Gana ne, Janar Emmanuel Erskine, sojojin Nijeriya da na Senegal ma sun yi aiki a cikinta. "Nan take" ɗin ya ɗauki shekara 22, sai a Mayun 2000 Isra'ila ta fice, kuma asarar sojoji ce ta fitar da ita. A 1981 Kwamitin ya ce haɗe Tuddan Golan da Isra'ila ta yi ba shi da tushe a doka, har Amurka ta goyi baya. A 2019 Amurkar ce ta fito ta ce Golan na Isra'ila ne. A Disambar 2016 ƙuduri na 2334 ya ce matsugunan 'yan kama-wuri-zauna sun saɓa wa dokar duniya, ƙasa 14 suka yarda, gwamnatin Obama ta ƙaurace don ya wuce. Ginin bai tsaya ba, yanzu mazauna waɗannan matsugunai a Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus sun kai wajen 700,000. A watan azumin 2024 ƙuduri na 2728 ya nemi tsagaita wuta a Gaza, aka sha ruwa, aka yi salla, luguden bai tsaya ba.

A kwatanta da Iraƙi. Da Saddam Husaini ya mamaye Kuwaiti a 1990, Kwamitin ya ƙaƙaba takunkumi cikin kwanaki, sannan ya fitar da ƙuduri na 678 a ƙarƙashin Babi na Bakwai na kundin Majalisar, babin da ke halatta amfani da ƙarfi. Ya sa rana, 15 ga Janairu, 1991. Ranar ta wuce, jirage suka tashi. Wancan shi ne wa'adi mai soja a bayansa, kuma ya samu ne don manyan ƙasashe sun so. Duk mai cewa ana auna Larabawa da mudu ɗaya, Isra'ila da wani mudun, ba zan yi musu da shi ba, ina tare da shi. Abin da nake musu a kai shi ne a riƙa yaudarar talaka cewa an ba Isra'ila irin wa'adin Saddam alhali ba a taɓa ba ta ba.

Kotuna ma haka. Afirka ta Kudu ta shigar da ƙara a ƙarshen Disambar 2023 tana zargin Isra'ila da kisan ƙare dangi a Gaza. Abin da Kotun Duniya ta fitar ranar 26 ga Janairu, 2024 umarni ne na wucin gadi, cewa Isra'ila ta hana aukuwar irin wannan laifi, ta kuma bar kayan agaji su shiga. Ba hukuncin ƙarshe ba ne, kuma irin wannan shari'a tana da jan rai: ta Bosniya da Sabiya an shigar da ita a 1993, sai 2007 aka yanke. A Yulin 2024 kotun ta ba da fatawa cewa mamayar haramtacciya ce, a kan wannan fatawa ce Babban Zaure ya gina wa'adinsa. Amma kotun ba ta da ɗan sanda. In ƙasa ta ƙi bin hukunci, Kwamitin Sulhu ake kai ƙorafi, can kuma kujerar nan tana jira. Mu da muka ga Bakassi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Kotun ta ba Kamaru gaskiya a 2002, amma ba a gama miƙa yankin ba sai 2008, bayan Kofi Annan ya yi ta kai-komo tsakanin Obasanjo da Paul Biya har aka sa hannu a yarjejeniyar 2006. Yardar Abuja ce ta aiwatar da hukuncin. Da ta ƙi, ba alƙalin da zai taso daga Holan ya kori soja.

Sammacin Netanyahu kuwa ɗaya kotun ce ta bayar, ta manyan laifuka, a Nuwamban 2024, shi da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant da kwamandan Hamas Muhammad Deif. Sammaci ne, ba a yi shari'a ba tukuna, kuma kamun yana hannun ƙasashen da ke cikin kotun. A Afrilun 2025 ya je Hungari, wadda mamba ce a lokacin, aka shimfiɗa masa jar darduma. Kafin mu zagi Hungari, mu tuna Umar al-Bashir na Sudan ya zo taro Abuja a Yulin 2013 da sammacin kotun nan a wuyansa, ya koma Khartum ba wanda ya taɓa shi.

Me ya taɓa ɗaga sojan Isra'ila daga inda ya kafa tuta, in ba takarda ba? Ban da Labanan, tarihi ya ba da amsa sau biyu a fili. A 1956 Shugaba Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suwez mallakar Masar, Isra'ila da Birtaniya da Faransa suka haɗa baki suka afka masa. A Kwamitin Sulhu Birtaniya da Faransa suka hau kujerar na-ƙi, aka kai maganar Babban Zaure, aka kafa rundunar kiyaye zaman lafiya irinta ta farko. Amma abin da ya karya maharan shi ne fushin Shugaba Eisenhower na Amurka, wanda ya matse Birtaniya ta wajen kuɗi, ya kuma nuna wa Isra'ila takunkumi. Zuwa Maris 1957 ta bar Sinai. Na biyu shi ne bayan yaƙin Oktoban 1973, lokacin da sojojin Masar suka tsallake mashigin, ƙasashen Larabawa kuma suka rufe famfon mai har farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. Nan da nan sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger ya hau jirgi yana safa da marwa tsakanin Alƙahira da Ƙudus da Dimashƙa. Daga nan hanya ta buɗe zuwa ziyarar shugaban Masar Anwar Sadat Ƙudus a 1977, zaman kwana 13 a Camp David a 1978, da yarjejeniyar 1979. Masar ta karɓi Sinai ɗinta, aka dakatar da ita daga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa har shekara goma, Falasɗinawa kuma suka tashi da alkawari kawai. Duk sau biyun, mai riƙe da jakar kuɗi da rumbun makamai ne ya motsa. A yau Amurka tana ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 3.8 a kowace shekara. Wanda ke son sanin inda iska za ta kaɗa, can ya kamata ya sa ido.

Duk da haka, masu cewa takardun nan shara ne su ma sun yi kuskure. Saboda su ne har yau duniya take kiran Gaɓar Yamma yankin da aka mamaye, ba a ce kyauta ce ko gado ba. A kansu lauyoyin Afirka ta Kudu da na Falasɗinu suke tsayawa. Hukumar UNRWA da Babban Zaure ya kafa a 1949 ita ta karantar da miliyoyin yaran 'yan gudun hijira, ta yi musu magani. A 2012 zauren ya ba Falasɗinu matsayin ƙasa 'yar kallo da ƙuri'a 138, a Satumban 2025 kuma Birtaniya da Faransa da Kanada da Ostareliya suka amince da ita a matsayin ƙasa, abin da Nijeriya ta yi tun 1988. Aikin shiga tsakanin nan ma ba wasa ba ne, yana cin rai. Manzon Majalisar na farko, Folke Bernadotte ɗan Suwidin, 'yan bindigar Yahudawa na ƙungiyar Lehi suka harbe shi a Ƙudus a 1948. Wanda ya gaje shi, Ralph Bunche, shi ya ƙulla tsagaita wutar 1949, ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya. Sadat sojojinsa suka kashe shi a 1981, firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin kuma wani Bayahude ɗan'uwansa a 1995, shekara biyu bayan ya gaisa da shugaban Falasɗinawa Yasir Arafat a kan yarjejeniyar Oslo.

Larabawan ma ba tsintsiya ɗaya ba ne. A Khartum a 1967 sun ce ba sulhu, ba tattaunawa, ba amincewa. A Beirut a 2002 sun miƙa tayin cikakkiyar hulɗa in Isra'ila ta koma iyakar 1967. A 2020 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Maroko suka ƙulla hulɗar ba tare da jiran sharaɗin ba. Rabuwar kan Fatah da Hamas da siyasar cikin gidan Isra'ila su ma sun taka tasu rawar. Mu ma nan kowa maslaharsa ya bi. Sardauna ya ƙi rancen Isra'ila a 1960 alhali gwamnatin tarayya tana hulɗa da ita. A 1971 Janar Gowon da Ahmadu Ahidjo da Senghor da Mobutu sun je Alƙahira da Ƙudus neman sulhu da sunan Afirka, suka dawo hannu rabbana. Nijar ta yanke hulɗa a farkon 1973, Nijeriya a Oktoban shekarar, sannan gwamnatin Babangida ta mayar da ita a 1992.

Saboda haka ɗan'uwa, in labari ya shigo wayarka, dakata kafin yatsa ya riga hankali. Fara tambaya: wa ya yi maganar? In an ce "Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce" kurum, ba a faɗi zaure ba, labarin bai cika ba, domin wani lokaci ma wani jami'i ne ya yi hira da 'yan jarida. In Babban Zaure ne, ka san ra'ayin duniya ka ji. In Kwamitin Sulhu ne, nemi yadda Amurka ta kaɗa: ta yarda, ta ƙi, ko ta ƙaurace? Daftarin da aka hau wa kujerar na-ƙi ba ƙuduri ba ne ko da ƙasa 14 sun so shi. In ya wuce, duba ko an sa rana, ko an ambaci takunkumi, ko an ce wa zai aiwatar. Kowane ƙuduri yana da lamba da kwanan wata. Saƙon da ba lamba ba rana, ka ɗauke shi zancen kasuwa. Ka duba shekarar ma, don ana tono labarin da ya shekara biyar a sa masa "yanzu-yanzu". Hotuna da bidiyo sun fi haɗari. An sha ɗauko ɓaraguzan yaƙin Siriya a ce Gaza ne, kamar abin da ya faru a Gaza bai isa tashin hankali ba sai an ara. Duk ƙaryar da aka kama a bakin mai goyon bayan Falasɗinawa, makami ce aka miƙa wa mai musun wahalarsu. Sauraren labaran rediyo na minti biyar ya ishe ka tantance yawancin waɗannan saƙonni, kuma addini ya riga kowa umartar mu da bincike kafin yaɗa labari. Lada ba ya zuwa ta hanyar tura ƙarya, ko da niyya ta yi kyau.

Sannan a kula da masu fakewa da wannan musiba suna tara kuɗi. Lambar asusu ta mutum ɗaya a ƙasan hoton yaro mai jini ba hujja ba ce. Ka tambayi wace ƙungiya ce, tana da rajista, ta wace hanya kuɗin zai tsallaka iyakar da ko manyan motocin agaji suke kwana a bakinta. In ba amsa, riƙe kuɗinka ka nemi hanyar da aka sani. Kada kuma fushin abin da ke faruwa can ya sauka a kan maƙwabcinka na Sabon Gari. Ba shi ya hau kujerar na-ƙi ba, kuma cikin Falasɗinawan akwai Kiristoci, a Baitalami da Gaza, sun sha abin da Musulmi suka sha. Mai son yin wani abu na gaske, ya tambayi ɗan majalisarsa yadda wakilin ƙasarsa ya kaɗa ƙuri'a, domin ƙuri'un nan a rubuce suke, ba a ɓoye su.

Malamai masu wa'azi da 'yan jaridarmu na gidajen rediyo, nauyin ya fi yawa a kanku, domin daga bakinku jama'a suke ɗauka. Don Allah, duk ranar da za ku ba da irin wannan labari, ku faɗi zauren da ya yi maganar tun a jimlar farko, ku faɗi ko shawara ce ko umarni, ku kuma faɗi wanda aka ɗora wa aiwatarwa.